Mai Ginin Ƙoƙunan Wuta

Ni ce Narsavva, ta bakin tafkin Konasamudram.
Ko allura ban taɓa ƙerawa ba.
Yumɓu nake cuɗawa da ƙaiƙayin shinkafa
da tsumman da ya gaji da zama zane,
in gina ƙoƙo, bai fi dunƙulen hannun mijina ba.

Bumayya ke zuba masa ƙarfe iri biyu,
ya ɗora ganyen tumfafiya,
ni in liƙe bakin da laka.
Yini da kwana zugazugai na haki,
fatar ɓauna huɗu, maza takwas suna karɓa-karɓa.
Ƙoƙon da ya tsage a wuta, laifina ne.
Wanda ya jure, a fasa shi da safe.
Ko ta ina aka bi, aikina ba ya ganin jibi.

A cikinsa curi ne, baƙi wuluk,
mai nauyi kamar bashin maƙwabci.

In damina ta ɗauke ƙafa
sai ga Kwaja Mirak, mutumin Isfahan,
da ma'auninsa, da tarinsa, da yarenmu a karye a bakinsa.
Ya ɗauki curi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne
kamar mai sauraron gulma ta bayan danga.
Wannan na dama. Wannan na hagu.
Na hagu ba ya biya.

Na tambaye shi sau ɗaya: ina suke zuwa?
Ya ƙirga mini da yatsu masu zobe:
takarkarai, wata guda, har bakin teku.
Jirgi, in iska ta yarda.
Raƙuma, duwatsu, mai kuɗin fito a kowace ƙofa.
Can wani maƙeri, a garin da ruwa ke daskarewa,
zai lallaɓa shi da wuta kaɗan kaɗan,
don in ya yi masa gaggawa, ya marmashe.
Daga nan, in ji shi, ruwa ke fitowa a jikin takobi.

Na yi dariya har na riƙe ciki.
Mu da muka ƙona daji guda muka yi gawayi,
a ce ruwa muka aika?

Shekara goma sha tara.
Bumayya ya kurumce, sannan ya tafi.
Ɗanmu Rajanna ya gaji murhun da ƙunar hannu.

Shekarar da tafkin ya koma tsagaggen kasko
wani barde ya zo daga Golkonda karɓar haraji.
Yaro ne, gemunsa bai haɗe ba.
Ya zauna gindin tsamiya yana goge takobinsa da mai,
don mu gani, mu yi hanzari.
Na ajiye tulu. Na ce, ɗana, ara mini in duba.
Mamaki ya hana shi hanawa.

Ga shi kuwa.
Ruwa, kwance a kan ƙarfe, yana tafiya bai motsa ba,
kamar tsakiyar Godavari in rana ta karkata,
kamar sawun tururuwa bayan yayyafi.
Na juya shi. Na nemi alamar yatsana.
Ina! Yumɓu ba ya sa hannu.
Akwai rubutun zinariya kusa da ƙota.
Sunan maƙerin ne, in ji yaron,
ka sayar da ƙauyen nan, ba ka sayi kubensa ba.

Na garinmu ne? Na wani gari? Ban sani ba.
Na miƙa masa ta ƙota.
Ya tafi da awaki uku da buhun irin shuka.

Da dare na ɗauko curin nan na hagu,
wanda Mirak ya ture da ƙafa tun Rajanna na goye.
Da shi nake daka barkono.
Na kai shi gaban fitila, na tofa masa yawu, na murza da haɓar zane.
Baƙi ne dai.
Ruwan na ciki, ya ƙi tafiya ko'ina.

Na mayar da shi kan dutsen niƙa.
Gobe akwai ƙoƙo arba'in,
kuma yumɓun bai jiƙa ba.